Kan nono ya tsage, an ce jariri na da linzami: gyaran kamu, yanka ko madarar gwangwani?

Kwana huɗu da haihuwar ƙanwata na shiga ɗakin da take jego a gidanmu na Gwammaja, na tarar ta cusa gefen mayafi a baki ta cije, yatsun ƙafarta sun ƙanƙame tabarma, jaririn yana bakin nono. Da ta zare shi sai na ga kan nonon ya baje ya karkace kamar bakin sabon jan-baki, ga tsaga a tsakiya, ga ɗigon jini a leɓen yaron. Haihuwar fari ce. Kafin la'asar ta ji shawara uku daga mutum uku, kuma duk masu ƙaunarta ne. Hajiyarmu ta ce, "Daurewa za ki yi, kowacce haka ta yi, kan nonon ne bai saba ba." Gwaggo ta ɗaga harshen yaron da yatsa ta ce, "Ai linzami gare shi. Ku bari ranar suna wanzami ya cire shi tare da beli." Maigidanta kuma ya bugo waya ya ce in abin ya yi tsanani a sayo madarar gwangwani ta huta.

Saura kwana uku suna a lokacin. A Kano sau da yawa ranar suna ce ke yanke wannan hukunci, don ranar wanzami ke zuwa da zabirarsa, kuma ba maijego ake tambaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake so maijego da maigidanta da masu yi mata wanka su auna hanyoyin nan tun kafin a sayo rago. Na shayar da 'ya'ya uku, na kuma zauna da ƙanwata har ta yi arba'in. Abin da na gamsu da shi, hanyoyin nan ba darajarsu ɗaya ba. Akwai wadda ake farawa da ita, akwai wadda sai an cika sharaɗi, akwai kuma wadda ban yarda da ita ba sam.

Sai an san abin da ke tsaga kan nono kafin a san maganinsa. Jaririn da ya kama daidai cika bakinsa yake da nonon, har da yawancin baƙin da ke kewaye da kan. Kan nonon ya wuce can ciki inda ganɗa ke da laushi, harshe ya miƙo ya rufe dasashin ƙasa ya tallafe nonon kamar cokali. A haka babu abin da ke gugar fata. In kuwa iya kan ya kama, tsakanin dasashi da ganɗa mai tauri yake matse shi, sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Ko tafin hannu aka yi wa haka zai ɗaye. Abubuwan da ke hana jariri cika baki suna da yawa. Mafi yawa riƙo ne, wato yadda uwa ta ɗora shi. Sai cikar nono a kwana na 3 zuwa na 5, lokacin da dakashi ke wucewa ruwan nono ya sauko, nonon ya yi tauri kamar ƙwarya har bakin yaro ya riƙa zamewa. Sai kan nonon da ya shafe ko ya shige ciki. Linzami ɗaya ne kawai daga cikinsu.

Akwai kuma wani dalili namu na gida da ba a cika faɗa ba, kunyar ɗan fari. Ɗaki cike da 'yan barka, dangin miji na zaune, yaro ya yi kuka a miƙo shi. Yarinya ta kau da kai, ta sunkuya, ta cusa masa kan nono ta ƙarƙashin hijabi ba tare da ta kalli bakinsa ba, shi kuma yana rigingine a cinya ya murɗa wuya. Kunya ado ce, ban raina ta ba. Amma wadda ba ta kallon bakin ɗanta ba za ta san yadda ya kama ba. Babba a gidan ta samar mata labule ko wani ɗaki, ta ce wa baƙi maijego ta shiga ba da mama, shi ke nan an raba gardama.

Maganar Hajiya tana da gaskiyarta. Mata da yawa kan ji zafi a daƙiƙun farko da jariri ya kama, sannan ya lafa. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana auna shi, ta fitar a 2014 a kan magungunan ciwon kan nono ya nuna cewa ga yawancin mata zafin kan ragu sosai tsakanin kwana 7 zuwa 10 da haihuwa, ko me aka shafa. Irin wannan ana iya daure masa. Amma zafin da ke bin shayarwa tun daga kamu har saki, kai ya fito a lanƙwashe ko da farin layi, ya tsage ya yi jini, haƙuri ba ya rufe shi. Kullum ƙara buɗewa yake, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta tsagar nan ƙwayoyin cuta ke bi su kumbura nono har ya tara ruwa. Uwar da ke fargabar zafi kuma takan ja lokaci kafin ta ɗora yaro ba da saninta ba, nono ya ƙara cika, kamu ya ƙara lalacewa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, a cikinta ne kuma aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta.

Hanyar da ake farawa da ita, ko da linzami ko babu, ita ce gyaran kamu. Ki zauna ki jingina da bango ko filo. Kada ki sunkuya ki kai wa yaro nono, shi za ki kawo wa nonon. Ki rage masa shawul da tarin kayan da aka naɗe shi da su, cikinsa ya manne da naki, kunne da kafaɗa da ƙugu a miƙe sambal. Hannunki ya tallafi bayansa da wuyansa, ki bar ƙeyar don ya samu ya ɗan ɗaga kai. Ki sa kan nonon daidai hancinsa, ki shafi leɓensa na sama da shi, ki jira. Jiran nan shi ne aikin gaba ɗaya. Zai ɗan buɗe baki, ki ƙi ba shi. Sai ya wangame kamar mai hamma sannan ki jawo shi da hanzari, haɓarsa ta fara taɓa nonon. Alamu huɗu ma'aikatan lafiya ke dubawa bisa koyarwar Hukumar Lafiya ta Duniya: baki a wangame, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa a manne da nono, baƙin nonon da ake gani ta saman bakinsa ya fi na ƙasa. Za ki ga kumatunsa a cike, ki ji yana haɗiya a natse. In ya kama ba daidai ba kada ki fizge, ki sa ɗan ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ku sake. In nonon ya yi tauri ki fara tatse kaɗan da hannu har baƙin ya yi laushi. Wasu kuma kishingiɗa ce ke yi musu, a kwantar da yaro ruf da ciki a ƙirji ya lalubi nonon da kansa.

Wannan hanya ba ta cin ko sisi, ba ta zubar da jini, kuma sakamakonta ba ya ɓuya. In kamu ya gyaru, a wannan shayarwar za ki ji bambanci ko da tsagar ba ta rufe ba. Wahalarta ita ce ba a koyonta da baki kawai. Sai wadda ta iya ta zauna ta kalli shayarwa guda daga farko har ƙarshe, ta gyara miki hannu. Mace kan dawo gida sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, ruwan nono bai sauko ba balle matsala ta bayyana. Don haka ki koma. Ranar rigakafi ko awo ki ce wa ungozomar asibiti, "Sista, don Allah ki duba min yadda yake kama nono," ki ba shi a gabanta.

Shafe-shafe ba zan daɗe a kansu ba. Nazarin nan na 2014 bai samu hujjar cewa man lanolin ko sauran mayukan kemis sun fi shafa ruwan nonon uwa ba. Ki tatso ɗigo ki shafa, ki bari ya sha iska, ki canza rigar mama in ta jiƙe. Man zafi da sabulu mai ƙarfi da garin magani kada su kusanci wurin, don bakin jariri za su koma. Mai yi miki wanka ta kauce wa kan nonon da ruwan zafi da ganye. Farasitamol ba ya hana shayarwa.

Sai maganar Gwaggo. Kowane mutum yana da ɗan zaren fata a ƙarƙashin harshe, ki ɗaga naki a madubi ki gani. Ana ce masa linzami in ya yi gajarta ko kauri, ko ya matso har tsinin harshe ya riƙe shi. Bincike a ƙasashe daban-daban ya sa adadin tsakanin jarirai 4 zuwa 11 cikin 100, kuma ya fi yawa a maza. In yaro yana kuka za ki ga harshen a kwance a ƙasan baki ba ya ɗagawa, ba ya iya miƙo shi ya wuce dasashin ƙasa, tsininsa kuma yakan lotsa ciki kamar zanen zuciya. A bakin nono yana yawan suɓucewa, ana jin ƙas-ƙas, ya daɗe yana tsotso bai ƙoshi ba.

Amma ganin zare daban, aikin harshe daban. A Amurka yankan linzami ya ninka kusan sau goma tsakanin 1997 da 2012, har ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2024. Rahoton ya ce jariran da ake ganin linzami a bakinsu, ƙasa da rabinsu ne ke samun matsalar shan nono, kuma a bar yanka sai ga wanda aka gyara wa kamu matsalar ta ƙi tafiya. Kafin nan, a 2017, Cochrane ta haɗa gwaji 5 da aka yi a kan jarirai 302. Yankan ya rage wa iyaye mata zafi a kwanakin da suka biyo baya, amma sakamakonsa a kan shan nonon yaran bai zo iri ɗaya ba. Abin da na ɗauka a nan, yankan yana da amfani na gaske ga wanda ya dace da shi, sai dai masu dacewar ba su kai yawan waɗanda ake nunawa da yatsa ba. Batun da ya fi tayar wa iyaye hankali a wajenmu kuwa, wai in ba a cire ba yaro ba zai yi magana ba, bai isa ya sa a yanki ɗan kwana bakwai ba. In ya fara magana aka ga harshen na riƙe shi, ana iya dubawa a lokacin.

A asibiti aikin ɗan ƙarami ne. Likita zai sa yatsa ya gwada motsin harshe, ya tambayi ko an yi wa yaro allurar bitamin K da aka haife shi, da ko a dangi akwai wanda jini ya taɓa ƙin tsaya masa bayan kaciya ko cire haƙori. A naɗe yaro, a ɗaga harshe, a datse zaren da almakashin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. 'Yan daƙiƙu ne, jini ɗigo kaɗan, a miƙa wa uwa ta ba shi nono nan take. Bayan kwana ɗaya ko biyu wurin zai yi fari ko ɗorawa, warkewa ce ba ruɓa ba. Ɗan makonni kaɗan galibi ba a ba shi maganin sa barci don aikin, amma in ya yi watanni aikin kan bukaci hakan, don haka in an tabbatar da bukata kada a yi ta jan ƙafa. Ko a can ba a rasa haɗari: zubar jini, ciwo ya kama ruwa, a taɓa hanyar yawu da ke ƙarƙashin harshe, zaren ya sake haɗewa, ko yaro ya ƙi nono na ɗan lokaci. Bambancin shi ne in jini ya ƙi tsayawa akwai abin tsayar da shi a ɗakin. A Kano likitan yara za a fara gani, ko a Hasiya Bayero, ko Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro da kuma likitocin tiyatar yara da za a iya tura ku wurinsu.

Wanzami ina girmama sana'arsa, gado ce, kuma wanzami ne ya yi wa 'ya'yana duka askin suna. Amma ban yarda askarsa ta shiga bakin jariri ba. Ba ya kallon shayarwa, zare ya gani ya yanke, alhali fiye da rabin masu linzamin lafiya lau suke shan nono. Ƙarƙashin harshe jijiyoyin jini ne a kwance, a madubin nan za ki gan su shuɗi-shuɗi. Sabon jariri yana zuwa da ƙarancin bitamin K, wanda shi ke taimaka wa jini ya daskare, shi ya sa ake allurar a asibiti, kuma wanda aka haifa a gida sau da yawa bai samu ba. Jinin jikin jariri mai kilo 3 gaba ɗayansa kusan rabin ledar fiyawata ne. Wanda ke zuba a baki kuma haɗiye shi yake, ba a ganin yawansa sai yaro ya ɗashe ya saki jiki. Ga askar da ta taɓa wani, tana iya ɗauko ciwon hanta, ko ƙanjamau, ko tetanus mai sandarar da jariri ya kasa buɗe baki. In an haɗa da beli, an yi rauni biyu a baki ɗaya a makon da yaro ke koyon tsotso, kuma beli ba shi ke hana shan nono ba.

Akwai ranar da zafi zai kai mace ta ce ba za ta iya ɗora shi ba. Nan maganar maigida ke shigowa, kuma tausayi ne ya sa ya faɗa. Amma kafin gwangwani akwai tatsa. A hutar da nonon da ya fi ciwo kwana ɗaya ko biyu, a riƙa tatse shi da hannu kamar sau 8 a kwana har da dare, a ba yaro da ƙaramin kofi ko cokali. A ɗago shi a cinya, a kai bakin kofin leɓensa ya lasa da kansa, ba a yi masa ɗura. Nono gwargwadon fitarsa yake kawowa, in an daina fitarwa sai ya ja baya cikin 'yan kwanaki. Wanda aka tatsa kada ya wuce awa 4 a ɗaki, a zafin bazarar Kano ma a gaggauta, firij kuma sai in kin tabbata da wuta. Robar da ake ɗorawa a kan nono tana ceton wasu, musamman mai shafaffen kai, sai dai ba ta gyara kamu, tana son wanki duk bayan amfani, in girmanta bai dace ba ma ta ƙara ciwo. Ta 'yan kwanaki ce, da sanin ma'aikaciyar lafiya.

Madarar gwangwani tana kashe zafin nan take, kuma akwai jaririn da ita ce ransa, kamar maraya ko wanda likita ya ce a ƙara masa. Amma a yi lissafi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jaririn da ke kan madara zalla yana shan kusan kilo 20 a wata 6 na farko, wato gwangwani 50 mai giram 400. Ku tambayi kuɗin ɗaya a Singa ko kemis ɗin unguwa ku ninka. In aljihu ya gaza sai a fara tsinka ta, yaro ya rame. Kowane haɗi sai an tafasa ruwa, a haɗa yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba, abin da ya rage bayan awa 2 a zubar, fida kuma a dafa ta. Gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, ga tsadar gas da gawayi, wannan aiki ne na dare da rana, kuma kuskure ɗaya sai gudawa. Mujallar likitoci ta Lancet ta nuna a 2016 cewa shayarwa na iya kawar da kusan rabin gudawar yara da kashi ɗaya cikin uku na ciwon numfashi a ƙasashe irin namu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuwa ya samu jarirai 29 ne kacal cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ke kan nono zalla a Najeriya. Na sha ganin yadda makon farkon nan mai raɗaɗi ke zama mafarin ba da ruwa da madara a gida, abin yana damuna.

To yaushe za a ce gyara ya isa haka a tafi wurin likita? Jikin yaro ne ke faɗa. Daga kwana na 5 ya riƙa jiƙa nafkin ko famfas aƙalla sau 6 a kwana da fitsari garai, kashinsa ya bar baƙi ya koma ɗorawa. Nauyin da ya sauke a kwanakin farko kada ya wuce 10 cikin 100, ya kuma mayar da nauyin haihuwarsa wajen mako 2. In waɗannan sun cika, zafi yana raguwa, ku ci gaba da gyara ko da zaren yana nan. In an yi kwana biyu ko uku ana gyara a gaban wadda ta iya, zafi na nan, kai yana fitowa a matse, harshe ba ya ɗagawa, lokacin likita ya yi, kuma in ya ce a datse ni zan ce a yarda. In kuwa fitsari ya yi ƙaranci, yaro ya cika barci ba ya tashi shan nono, idonsa ya yi ɗorawa irin na shawara, ko jikinsa ya yi zafi, ranar za a tafi, ba a jiran suna. Haka uwa in ta ji zazzaɓi da sanyi, gefen nono ya kumbura ya yi tauri da zafi, ta je asibiti, kuma kada ta daina fitar da nonon.

Ita ƙanwata, a daren nan bayan isha'i na roƙi kowa ya ba mu ɗakin. Muka tatse nonon har ya yi laushi, ta kishingiɗa, muka cire wa yaron shawul. Sau uku yana kamawa muna zarewa. A na huɗu ya wangame ya cika baki, ta saki mayafin daga haƙoranta ta ce, "Yaya, wallahi ba irin na ɗazu ba ne." Washegari muka kai shi asibiti. Likitar ta ɗaga harshen ta ce zaren yana nan amma siriri ne, harshe na wuce dasashi, a ci gaba da gyara a dawo awo. Wata maƙwabciyarmu nata ba haka ya zo ba. Mako biyu ana gyara yaro bai mayar da nauyinsa ba, aka datse masa a asibiti, ta ce tun a kan benci ta ji harshensa ya tallafi nonon.

Abin da ya rage mana shi ne safiyar suna. Maijego ba ta da bakin hana wanzami, don haka na kira maigidanta na ce, "Malam, kai za ka tsaya a soro ka ce masa aski kawai." Gwaggo kuma na same ta a ɗaki na durƙusa na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, likita ta gani, ta ce harshen yana aiki. In ya ƙi, mu da kanmu za mu mayar da shi a cire." Ta yi shiru jim, ta ce, "To, Allah Ya raya." Wanzami ya yi askinsa aka sallame shi da haƙƙinsa cif, ba a taɓa bakin yaro ba. Kafin mako biyu tsagar ta rufe, sikeli kuma ya nuna ya wuce nauyin da aka haife shi da shi.